Masana'anta ta mutu, kasuwar kayan gyara ba ta watse ba: tarihin masu zubin kayan tsofaffin baburan Ingila

A cikinmu, masu fataucin kayan gyaran babur sun fi kowa sanin wani irin ciwon kai. Kamfani ya daina ƙera wani nau'in babur, alhali ɗaruruwansa na nan suna kai da komo tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela. Shekara biyu zuwa uku, kayan da ke sito su ƙare. Mai babur ya zo neman murfin inji ko cibiyar ƙafa a ce masa babu, a aika Kano babu, a tambayi Kwatano da Lome babu. Daga nan sai dai a fasa wani babur a ciri nasa, ko a jingine shi jikin bango kaji su riƙa kwana a kai. Mu da ke riƙe da littattafan ofis mun sha rubuta ƙorafi irin wannan.

Abin da ke samunmu a kan nau'i ɗaya ko biyu ya taɓa samun mutanen Ingila a kan masana'anta sukutum. Kamfanonin babur ɗinsu sun rufe ɗaya bayan ɗaya, amma yau, bayan sama da shekara 40, mai BSA ko Norton ko tsohuwar Triumph yana iya sayen sabon kan silinda a kawo masa har gida. Yadda aka yi hakan ta yiwu shi ne tarihin da muka zaɓo wa mambobi a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu.

Cibiyar sana'ar ita ce birnin Birmingham da kewayensa. A nan ne maƙeran bindiga suka haɗa kai a 1861 suka kafa kamfanin BSA, shi ya sa tambarinsa bindigogi uku ne a jingine da juna. Daga bindiga suka shiga keke, a 1910 suka fitar da babur. Triumph ta riga su, ta fara a 1902 a Coventry. Norton da Velocette da Ariel duk a Birmingham suke, Royal Enfield a Redditch, kuma tsakanin waɗannan garuruwa babu wanda ya kai nisan Maraɗi zuwa Katsina. A Yaƙin Duniya na Biyu BSA kaɗai ta ƙera wa soja babura kusan 126,000 na nau'in M20. A 1951 ta sayi Triumph, ta zama kamfanin babur mafi girma a duniya.

Sai dai akwai abin da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin shi ne ya ceci sana'ar daga baya. Waɗannan kamfanoni ba su ne ke yin komai da komai ba. Kabureta ta Amal ce, kayan wuta na Lucas, agogon gudu na Smiths, taya ta Dunlop. Bayan waɗannan manya kuma akwai ɗaruruwan ƙananan maƙeru, musamman a yankin da ke yamma da Birmingham wanda suke kira Baƙar Ƙasa saboda kwal da hayaƙi: wannan zubi kawai yake yi, wancan sassaƙa samfurin katako, wani yankan haƙoran giya, wani goge ƙarfe ya yi ƙyalli. Babban kamfani yana iya faɗuwa, amma mai maƙera da yara biyar yana nan, in ya samu mai kawo masa aiki.

Baburan nan sun shigo Najeriya da Gana a zamanin Turawa da farkon mulkin kai, kuma dattawanmu na wancan ɓangare suna tuna ƙararsu. A ɓangaren Nijar kuwa ƴan ƙananan baburan Faransa ne suka fi yawa, irin su Mobylette da Peugeot. Dukkansu Honda da Yamaha da Suzuki ne suka ture su.

Haka aka ture su a gidansu ma. A 1959 Honda ta fara shiga tseren tsibirin Man, wanda shi ne babban fagen gwada babur a lokacin, a 1961 ta fara cin kofi. Edward Turner, wanda ya zana shahararrun injinan Triumph, ya je Japan a 1960 ya ga masana'antunsu da idonsa. Duk da haka shugabannin kamfanonin Ingila sun kwanta a kan cewa Japanawa ƙananan babura kawai za su iya. A 1969 Honda ta fitar da CB750 mai silinda huɗu, ana tashinta da maɓalli, birkin gabanta na faifai, kuma ba ta ɗigar da baƙin mai a tsakar gida kamar yadda aka san baburan Ingila da yi. Kafin nan ma kamfanin da ke yin AJS da Matchless ya karye a 1966. Royal Enfield ta rufe masana'antar Redditch a 1967, Velocette ta bi baya a 1971. A 1973 aka tattara abin da ya rage na BSA da Triumph da Norton aka yi kamfani ɗaya, wanda ya ce zai rufe masana'antar Triumph ta Meriden. Ma'aikata suka kulle ƙofa suka zauna ciki wata 18. A 1975, da tallafin gwamnati ta hannun minista Tony Benn, suka karɓi wurin a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa. Sun iya aiki, ba mai musu, amma ba su da jarin fitar da sabuwar ƙira, kuma a 1983 suka rufe. Duk mai son kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ya kamata ya karanta labarin Meriden kafin ya fara rabon muƙamai.

Da kamfani ya rufe, ana gwanjon abin da ya bari. Yawancin masu zuwa idonsu na kan injuna da tarin kayan gyara da ke sito. Kaɗan ne suka gane cewa dukiyar gaske tana cikin kabad ɗin takardun zane da ɗakin ajiye samfuran katako. Wani ɗan kasuwar Birmingham mai suna Matt Holder ya bi yana sayen ragowar Scott da Velocette da Royal Enfield da Vincent. Zane-zane da kayan aikin Norton Commando sun ƙare a hannun kamfanin Andover Norton, wanda har yau da su yake aiki. Les Harris, mai sayar da kayan gyaran Triumph a yankin Devon, har lasisi ya karɓa ya ci gaba da haɗa babur ɗin Bonneville daga 1985 zuwa 1988. Inda ba a samu irin waɗannan mutane ba, takardu sun tafi bola, samfura sun zama itacen wuta, kuma masu irin waɗannan babura su ne suka fi shan wuya.

Tsohon kaya na sito ya riƙe kasuwa na wasu shekaru, sannan ya ƙare. Noti, da waya, da gasket, da sandar ƙarfe, kowane makanike mai injin sassaƙar ƙarfe zai iya yi. Matsalar ita ce kayan zubi: akwatin inji, silinda mai fukafukan sanyaya, kan silinda, murfin sarƙa, farantin birki. Waɗannan ba a lanƙwasa su daga falle, ba a yanka su daga sanda cikin sauƙi. Sai an narka ƙarfe an zuba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar dalma a kasuwar Katako ta Yamai ya riga ya ga rabin aikin. Akwati biyu ne, sama da ƙasa. A sa samfuri a tsakiya, a cika da yashi mai ɗan yumɓu da danshi, a daddale, a raba akwatin, a zare samfurin a hankali ya bar gurbinsa, a buɗe hanyar zuba da ta fitar iska, a mayar a rufe, a zuba narkakken ƙarfe. Alminiyon yana narkewa a digiri 660, baƙin ƙarfen zubi da ake yin silinda da shi kuwa sai wajen 1,200. Kowane zubi ɗaya sai an fasa gurbin, na gaba a sake sabo. Shi ya sa wannan hanya ta dace da mai son guda 20 ko 50: jarinta samfuri ne da yashi da hannun gwani.

Ɗaya rabin shi ne inda tukunya ta bambanta da inji. Ƙarfe in ya huce yana tsukewa. Alminiyon yana raguwa da kusan kashi 1.3 cikin 100, baƙin ƙarfe kusan kashi 1. Mai tukunya ba ruwansa, in tukunya ta ragu da ƙwayar gero tuwo zai dahu. Amma murfin inji mai tsawon santimita 30, in aka ɗauki tsohon aka danna a yashi aka zuba, sabon zai fito ya gaza da kusan milimita 4. Ramukan noti ba za su hau ba. Saboda haka mai sassaƙa samfuri yana da ma'auninsa na musamman wanda ya ɗan fi na kowa tsawo, yana yin samfurin ya fi abin da ake so girma daidai gwargwadon tsukewar. Yana ƙara nama a duk fuskar da za a fere daga baya. Yana ɗan karkata gefuna don samfurin ya zaru ba tare da ya rusa yashi ba. Inda kuma ake son rami a ciki, kamar hanyar shigar mai da fitar hayaƙi a kan silinda, sai an yi wani dunƙulen yashi mai tauri daban, da nasa akwatin, a dasa shi cikin gurbin, bayan zubi a farfasa shi a kakkaɓe. Kan silinda ɗaya yana iya cin irin waɗannan dunƙule da yawa, kuma in ɗaya ya goce kaɗan, bango ya yi siriri, an yi asarar zubin.

Sai maganar irin ƙarfen. Alminiyon ba ɗaya ba ne. Masu zubin Ingila suna saye da lamba, irin su LM6 da LM25, kowanne da adadin sinadaran da aka gauraya masa, kuma wasu sai an sake gasa su a tanda na sa'o'i bayan zubi kafin su yi ƙarfi. In aka narka tarkace ko wane iri, ko aka bar iska a cikin narkakken ƙarfen, abin zai fito da ƙananan ramuka kamar burodi. A ido lafiya lau. Sai an kai shi kan inji an fara ferewa ramukan su bayyana, bayan an riga an kashe kuɗi, ko kuma sai an ɗaura shi baƙin mai ya riƙa tsattsafowa. A murfi wannan abin haushi ne kawai. A farantin birki maganar rai ce.

Ferewar ma da nata tarko. Tsofaffin baburan Ingila ba da milimita aka yi su ba, kuma haƙoran notinsu ba irin na Amurka ba ne. Akwai na Whitworth, wanda Joseph Whitworth ya tsara tun 1841, akwai wani mai ƙananan haƙora, akwai na keke mai haƙori 26 a kowane inci. A ƙarshen shekarun 1960 wasu kamfanoni suka koma tsarin Amurka a hankali, har ana samun babur ɗaya da noti iri biyu ko uku. Sufanar Whitworth ma lambar da ke jikinta kaurin sandar notin take nufi, ba faɗin kansa ba. Mai sayarwa da bai san shekarar babur da lambar injinsa ba zai aika kaya su dawo masa.

Yanzu ga lissafin da ya fi shafarmu a matsayin ƴan kasuwa. Mu ɗauka, don misali kawai, samfuri da akwatunan dunƙulensa sun ci sefa 600,000. In guda 10 aka zuba, kowanne ya ɗauki 60,000 kafin a yi maganar ƙarfe da ferewa da waɗanda suka lalace. In 50 ne, 12,000. In 200 ne, 3,000. To amma wa zai sayi 200 na babur ɗin da saura ƴan ɗaruruwa a duniya? Za su kwanta a kanta shekara goma, kuɗinka na barci. Tsakanin tsada da kwantai ne duk sana'ar take. Hanyar da suka samo mai sauƙi ce: a buɗe rajista. A sanar a mujallar ƙungiyar masu irin wannan babur cewa za a zuba abu kaza in an samu mutum kaza. Kowa ya rubuta suna ya ba da kafin alƙalami. In adadi ya cika a kai wa maƙera, a ƙara ƴan kaɗan na ajiya. Wani lokaci a jira shekara ko fiye. Kusan adashi ne, sai dai a nan kowa ranar ɗaya yake kwasa, kuma abin da ya rage bayan an raba, wato samfurin, shi ne ribar da ta fi daɗewa, domin zubi na biyu ba sai an sake biyan kuɗinsa ba.

Waɗanda suka fi kowa nisa a wannan hanya su ne masu babur ɗin Vincent. Kamfanin, wanda ke Stevenage, ya daina ƙera babur tun 1955, kuma duk abin da ya ƙera bayan yaƙi bai wuce kimanin 11,000 ba. Ƙungiyar masu Vincent ta kafu tun 1948. Da suka ga samun kayan gyara ya dogara ga ko wane ne ya sayi ragowar kamfanin, a 1975 suka kafa nasu kamfanin kayan gyara, mambobi suka sayi hannun jari. Suka bi kaya ɗaya bayan ɗaya, ana aunawa, ana zanawa, ana ba maƙeru kwangila. Bayan kimanin shekara 30 suka haɗa sabon Black Shadow cikakke daga sababbin kayan da ke kantarsu, don su nuna cewa babu abin da ya rage ba a yi ba, aka yi gwanjonsa. Ƙungiyar masu Velocette ma tana da nata kamfanin irin wannan. Kuma samuwar kayan gyara ce ke riƙe darajar baburan: a Janairun 2018 an sayar da wata Vincent Black Lightning dala 929,000 a wani gwanjo a Las Vegas. Wannan kam ta musamman ce mai tarihin tsere, amma ko gama-garinsu ba a barin su kaji su kwana a kai.

Kabureta ta bi wata hanya daban. Jikinta na garwayen tutiya ne, ana tura shi da ƙarfi cikin gurbin ƙarfe, ba yashi ba. Irin wannan gurbi yana da tsada ƙwarai, ba ya biyan kansa sai da dubbai. Abin da ya taimaka shi ne kaburetar Amal kusan kowane babur ɗin Ingila na hawa, kuma tana cinyewa da amfani, bakinta yana lanƙwashewa in makanike ya matse noti fiye da kima. Buƙata ba ta yanke ba. Tun 2003 kamfanin Burlen na Salisbury ne ke riƙe da sunan, yana ci gaba da fitar da su.

Indiya ma ta shigo, kuma da haƙƙinta. Tun 1955 aka fara haɗa Royal Enfield Bullet a Madras, birnin da ake kira Chennai yanzu, zuwa 1962 komai a can ake yi. Da uwar kamfanin ta mutu a Ingila, ƴar ta ci gaba, tare da tarin ƙananan maƙeru da suka saba da awon Ingila. Daga Bullet suka faɗa yin tankuna da murafe da sauran kaya na BSA da Norton da Triumph, da araha. Wasu na da kyau. Wasu an kwafe su daga tsohon kaya ba tare da lissafin tsukewa ba, sai mai saye ya kwana yana gurza da zarto. Haka kasuwar ta rabu kamar yadda muka sani a namu rumfuna: akwai tsohon asali da ba a taɓa ɗaurawa ba, akwai sabon da aka yi bisa zanen asali, akwai na kwaikwayo, akwai kuma jabu da aka zuba wa tambarin da mai shi bai ba da izini ba. Abin da ke hana ha'inci yawa shi ne ƙanƙantar kasuwar. Masu saye sun san juna, suna haɗuwa a kasuwannin tsofaffin kaya irin na Stafford da Kempton Park da Beaulieu, kuma wanda ya sayar da kan silinda mai rami, kafin wata ya zagayo labarinsa ya kai Ostireliya.

An gwada ƙarfin wannan sana'a a Satumbar 2003, lokacin da gobara ta tashi a gidan tarihin babura na ƙasa da ke kusa da Birmingham, ta ci babura kusan 380. Alminiyon ba ya jure irin wannan wuta. Duk da haka an sake buɗe gidan a Disambar 2004, kuma da yawa cikin waɗanda suka ƙone an sake gina su, abin da ba zai yiwu ba da babu masu samfuri da masu zubi. A yau kwamfuta ta rage wahala: ana ɗaukar surar tsohon kaya da na'ura, a ƙara kason tsukewa a lissafi, a buga samfurin da roba. Amma zuba ƙarfen har yanzu sai gwani.

Wani abu da ya taɓa su kwanan nan, mu ba baƙonmu ba ne. Daga 1 ga Janairun 2021, bayan Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, duk ƙunshin da zai je Faransa ko Jamus sai da takardar duwan. A Yulin wannan shekarar Tarayyar ta soke sassaucin haraji da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba. Yarjejeniyar ɓangarorin biyu ta yafe kuɗin fito ne ga kayan da asalinsu na can ne, saboda haka abin da aka zuba a Indiya aka biyo da shi ta Ingila bai shiga ciki ba. Babban kamfani yana da ma'aikacin takardu. Mutumin da ke zuba murfi 30 a shekara shi ne maƙeri, shi ne akawu, shi ne mai kai kaya gidan waya, kuma wahalar takarda ɗaya ce ko kayan na kwantena ne ko na kwali. Mun ga irinta da aka rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, muka sake gani a 2023: mai tirela goma yana da hanyar jira, mai kwali biyu shi ke fara cin jarinsa.

Sunayen kuwa sun zagayo sun same mu ta wata ƙofa. Wani reshen Mahindra ya sayi sunan BSA a 2016. TVS, wanda baburansa ke cike da tashoshin kabu-kabu, ya sayi Norton a 2020 kan fam miliyan 16. Bajaj mai Boxer shi ke ƙera wa sabuwar Triumph ƙananan baburanta tun 2023.

A ɓangarenmu hannu ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Masu zubi na Katako, da na Panteka a Kaduna, da na Suame a Kumasi, suna fitar da abubuwan da suka fi tukunya wuya. Abin da ba mu gani a tsakaninmu shi ne wanda zai tara oda, ya biya kuɗin samfuri mai awo daidai, ya ajiye shi a wurin da ba zai ɓace ba in maƙerin ya rasu ko ya tashi, ya kuma tsaya a kan irin ƙarfen da za a narka. Ɗan kasuwa ɗaya ba zai yi ba, domin ranar da ya fitar da kayan wani zai saya guda ya kai a kwafa. A ganinmu aikin ƙungiya ne, kuma a fara da abin da ba ya kisa in ya karye: murfi, maƙallin fitila, marfin tanki. Birki da duk abin da ke riƙe ƙafa a bar su tukuna, sai an samu inda za a riƙa gwada ƙarfe.

Ofis ya buɗe littafi don wannan. Duk mamban da ake yawan tambayarsa wani kaya da ya ɓace a kasuwa, ya kawo tsohon guda ɗaya ko da fasasshe ne, tare da sunan babur ɗin, da lambar inji, da adadin da yake ganin zai iya sayarwa a shekara. Mambobin da ke ƙetaren iyaka su ba wakilan rassansu. Abin da aka tara za a karanta shi a babban taro mai zuwa.